Nomau da Esin Motar Yayansa

A wani gari da ke bakin titin Gusau an yi wani mutum ana ce da shi Nomau. Gida ɗaya suke zaune da matarsa Tabawa da yayansa Haladu direba. Nomau ba ya ƙiwa, ba ya musu, abin da aka ce masa shi zai yi daidai, ba ragi ba ƙari, kuma nan matsalar take.

To, ana tsakiyar bazara sai esin motar Haladu, wato na'urar sanyaya iska, ta daina aiki. Ga shi kuwa ya riga ya cika baki a gidan surukai cewa shi zai ɗauko surukinsa Alhaji Barmo daga filin jirgi ranar Juma'a, cikin sanyi kamar na randa. Alhajin dama bai taɓa ganin Haladu da gashi ba, kullum cewa yake 'yarsa ta auri mai akwalar mota.

Wata rana Haladu zai tafi neman bakanike ya ce, "Nomau, kula min da motar nan, kada ka bar rana ta taɓa ta." Nomau ya tura ta gindin durumi. Inuwa ta matsa, ya matsa da mota. Ta ƙara matsawa, ya ƙara turawa. Da la'asar inuwar ta miƙe ta tsallaka cikin lambun albasar Malam Tunau, mota ma ta bi ta. Malam Tunau ya fito yana salati. Nomau ya ce, "Baba, ka yi wa inuwar magana, ita ta fara shiga."

Wata rana bakanike Isiyaku ya zo ya ɗura wa esin gas. Ya ce wa Nomau, "Shiga ka rufe gilasai, ka sa hannu a bakin hudar iskar. Kada ka fito sai ka ji sanyi." Ana haka aka kira shi wani aiki, ya tafi ya manta. Nomau na ciki, gumi na tsiyaya har cikin takalmi. Tabawa ta aiko da tuwo, ya ƙi sauke gilashi. Ta fito da kanta ta ce, "Malam, dahuwa kake yi fa." Ya ce ta cikin gilashi, "Ban ji sanyin ba tukuna." Sai da Haladu ya dawo ya buɗe ƙofa ya watsa masa bokitin ruwa, sannan Nomau ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yawwa, Yaya, ta gyaru."

Wata rana, da abin ya ishi Haladu, ya ce cikin fushi, "In ta ƙi, a yi mata yadda ake yi wa randa mana." Nomau ya san aikin randa sarai. Ya kwaso yashi daga bayan rumbu ya shimfiɗa a ƙasan motar, ya jiƙa shi, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma yana yayyafa ruwa. Kafin a ankara gero ya tsiro a gindin birki. Akuyoyin unguwa suka yi layi a ƙofar direba.

Ranar Juma'a da safe Haladu ya zauna a kujerar direba ya dafe kai. Ya ce, "Na shiga uku. Nomau, fitar min da duk abin da ba na motar nan ba ne, kada ka bar ko tsinke." Nomau ya kwashe yashi, ya tuge gero, ya cire carbi da darduma. Sai ya tsaya yana kallon yayansa.

"Lafiya?"

"Yaya, kai ma ba da kai aka ƙera ta ba."

Ya sungume shi ya dire a kan dakali. Da ya koma sai ya ji motsi a bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, kusa da ta direba. Ya fizge akwatin, ya zura hannu har kafaɗa, ya dinga zaro tsummoki da ɓawon gyaɗa da wata hular Haladu da ta ɓace tun sallar bara, daga ƙarshe ga uwar ɓera da 'ya'yanta. Ashe su suka toshe hanyar iskar. Haladu ya faɗa mota ya murɗa makulli don ya gudu kafin a kwance masa inji, sai iska ta buso masa fuska, mai sanyi har haƙori.

A hanyar dawowa daga filin jirgi Alhaji Barmo ya yi atishawa, ya ja rawani ya rufe kunne. Ya ce, "Haladu, rage ta kaɗan, ɗan albarka. Ashe motar taka ta manya ce." Haladu ya washe baki har kunne.

Sai Nomau, da ya yi wa yayansa rakiya, ya leƙo daga kujerar baya, hannunsa dafe da aljihun rigarsa da ke motsi. Ya ce, "Yaya, ka ce in fitar da su, amma ba ka faɗi inda zan ajiye su ba."

Ƙurunƙus, amma ba kan kusu ba, don ɓerayen Nomau lafiyarsu ƙalau, har gida suka sha esi.