Rasuwar Tankin Kifin Gidan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta daina tashi ba, Tela da iyalinsa ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar tankin kifinsu na gilashi, wanda yara ke kira Kogi. Ya cika ranar Talata da hantsi a kusurwar falo, tsakanin talabijin da taga, yana da shekara shida, bayan doguwar jinyar da ta kusa tafiya da yatsan mai gidan.

Marigayin ya shigo gidan nan fes da shi, ruwansa garau, ana hango fentin bango ta cikinsa. Ba shi da hayaniya. Maganarsa ɗaya ce safe da yamma: bul-bul-bul. In an ɗauke wuta ya yi tsit, in an kawo ya yi ɗan gurnani, girrr, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Baƙo bai taɓa zama a falon ya rasa abin kallo ba. Ya raba faɗan yara ba adadi, ya kuma sha lallashin Auta in ta tashi da rigima. Wannan shaida ce da ba mai ƙwace masa.

Sai dai iyali sun yanke shawarar ba za su rufa wa mamacin asiri ba, domin masu irinsa a gida su ji.

Tela mai aikin zare ne na hannu, a wuyan riga da bakin hannu. Wanda ya yini da allura ya san yadda take cin yatsa: nan suka, can tsaga. To, shi da ya dawo daga shago, kafin ma ya cire takalmi, sai ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa na dama cikin tankin. Ya ce sanyin ruwan yana zare masa zafin allura, ƙananan kifayen kuma suna zuwa su tsattsaga masa matacciyar fata kamar masu yi masa sannu da aiki. Shekara shida yana wannan, da raunukansa a buɗe, cikin ruwan da kifi goma sha ɗaya ke ci, suke kashi, wani lokaci ma suke mutuwa a ciki.

Ranar canjin ruwa kuwa, sai ya zura tiyo a tankin, ya kafa baki a ɗaya bakin ya zuƙa har ruwan ya taho. Ba a taɓa yi bai kurɓa ba. Yakan tofar a bokiti, ya goge gemu, ya ce ai ba komai. Sau biyu yana kwana uku yana zaryar bayan gida, sau biyun kuma ya ɗora wa girkin matarsa. Baiwar Allah ta karɓi laifi, har tukunya ta sauya. Akwai kuma soket ɗin da ke ƙasa bayan tankin, wanda ruwa ke ɗiga a kansa. Da wuta ta taɓa fizgar Tela, gyaran da ya yi shi ne na masu sana'arsa: ya samo ƙyalle mai kyau ya naɗe shi.

Jinyar ƙarshe ta fara ne da ɗan ƙurji ja a yatsan da Tela ke tura allura da shi. Ya ce suka ce, za ta warke. Ba ta warke ba. Ƙurjin ya yi tauri, ya fashe, ya soma tsiyayar da ruwa. Wani ya fito a bayan hannu, wani a wuyan hannu, a jere kamar an dasa maɓallai. Ya shafa wannan, ya shafa wancan, da yamma kuma ya je ya tsoma hannun a tanki don ya ji sanyi. Wata uku ana haka, har ranar da allura ta faɗi daga hannunsa ya kasa tsinto ta. Riguna bakwai na mutane suna rataye a shago ba a gama wuyansu ba.

Da aka je asibiti, likitar fata ta juya hannun, ta duba jerin ƙurajen, ta tambaye shi ko yana kiwon kifi. Tela ya washe baki, ya ciro waya da hagu yana nuna mata hotuna, yana gaya mata sunan kowanne. Ta bari ya gama tsaf. Sannan ta gaya masa cewa ƙwayar cuta ce da ke zama a ruwan kifi, ta shige shi ta ƙofar da allura ta buɗe, kuma ta fara kusantar jijiya. Ta rubuta masa maganin watanni. Ta ce ba ta yi alkawarin yatsan zai sake lanƙwasa kamar da ba.

A yi wa likita adalci: ba ita ta yanke wa marigayin hukunci ba. Cewa ta yi safar hannu ta roba, da wanke hannu da sabulu, da raba baki da tiyo sun isa. Amma da yake hannun Tela na naɗe, makonni suka shuɗe ba a taɓa tankin ba. Ruwan ya koma kore, gansakuka ta rufe gilashin, ƙarni ya kama labule da kujeru. Muryar marigayin ma ta sauya. Bul-bul-bul ɗin nan ta zama buluƙ, a yi shiru, buluƙ.

Ranar Talatar, matar Tela ta sa safar hannu ta ce bari ta taimaki mijinta. Ta buɗe matatar ruwan, karo na farko a rayuwarta, ta tarar da soso baƙi ƙirin yana yauƙi, ƙananan dodon koɗi na yawo a kai. Ta daure. Ta ɗaga dutsen ado, ta tarar da abin da ya rage na kifin da aka ce ya ɓata tun bara. Ta sake daurewa. Sai ta tambayi Tela da me yake tsamo kifi in ya mutu. Ya dubi ƙofar kicin, ya ce da matacin shayi. Ta ce wanne. Ya ce ai ɗaya ne a gidan, kuma wallahi yakan ɗauraye shi kafin ya mayar.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe kifayen cikin bokiti ɗaya bayan ɗaya, ta busar da hannunta, ta kashe wutar falon daga tushe, sannan ta zare filogi. Marigayin ya ce buluƙ sau ɗaya, bai ƙara ba. Tela na tsaye, bai hana ba.

Ya rasu ya bar kifi tara, waɗanda mai shagon kifin ado ya karɓi riƙonsu, ciki har da Gemu, wanda ya fi kowa ci. Ya bar injin iska, tiyo mai shatin haƙora, rabin gwangwanin abincin kifi, da wani zagayen ruɓa a kafet da ba a san da shi ba sai da aka ja teburin. Ya bar Auta, wadda aka kama sau biyu tana lasar gilashin, kuma har yanzu tana zuwa kusurwar ta tsaya. Matacin shayi ya riga shi tafiya.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da motar shara ke wucewa. An riga an juye ruwan a bayan gida, ba a wurin wanke-wanke ba, an ƙulle tsakuwar a leda biyu. Masu ɗaukar gawa su zo da safar hannu, mai rauni a hannu ya tsaya daga nesa. Ƙanin Tela da ya nemi a ba shi gilashin ya zuba hatsi, an ba shi haƙuri. Masu riguna a shago su ma a ƙara haƙuri. Ana roƙon kada kowa ya kawo kifi da sunan jaje, mai rai ko soyayye.

Za a fito da marigayin a naɗe cikin tsohon buhu. Iyali na roƙon masu rakiya kada su tsaya duba ɗinkin bakin buhun. A karkace yake, takun allura goma sha huɗu ne kawai, kuma ya ci wa Tela safiya guda cur. Amma da hannunsa na dama ya yi shi.