Yadda Marishal Halidu Ya Kai Yaƙi Tabotakin Kwali

Duk wanda ya ce ƙasar Adar ba ta haifi gwarzon yaƙi a zamanin nan ba, to bai bi ta ƙofar Marishal Halidu Gado na Tabotaki ba. Shekara ashirin da biyu cur ya yi a barikin soja na Tawa. Yakan ce babu kanar ɗin da bai sunkuyar da kai a gabansa ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, don shi ne mai yi musu aski.

Da ya ajiye aiki, ya dawo gida da almakashi uku, da jar hular soja da wani ya manta a shagonsa, da akwatin da wani Bature mai horar da sojoji ya bar masa. A cikin akwatin akwai sojojin roba sittin, kowanne tsawon ɗan yatsa, da igwa biyu, da littafin dokoki cikin Faransanci. Mutum biyu ke wasan. A jera sojoji a kan tebur, a auna tafiyarsu da ma'aunin katako irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a jefa ɗan lido a ga ko harbi ya samu. Ran da Halidu ya cinye limamin unguwa sau biyu a jere, ya ɗora jar hula, ya ƙara wa kansa girma daga wanzami zuwa marishal. Ba a taɓa jin wanda ya haura tsani da sauri haka ba.

Amma yaƙi a kan tebur fili ba ya yi wa babban mutum daɗi. Sai ya hau mota zuwa Madawa, wurin Fa'iza mai shagon buga takardu, ta sauko masa da gidaje daga intanet, ta buga su a kan kwali. Ana yanke su bisa layi, a lanƙwasa, a manna da ƙaro, sai ga gida ya tsaya. A nan dole a yi masa adalci: hannunsa na da kyau. Tun zamanin da 'yan mishan ke koya mana ninke takarda a aji, ana duba kusurwa ɗaya bayan ɗaya, ban sake ganin yanka mai tsabta irin nasa ba.

Gidajen ne dai suka zo da rufi mai tsini da bututun hayaƙi. Tsofaffi suka kewaya teburin, suka nemi zaure ba su gani ba, suka nemi rumbu babu. Wani ya tambaya a ina mutanen garin nan suke sallama.

"Ku ba ku san Turai ba," in ji Marishal, wanda iyakarsa Yamai.

Maganar ta tsaya masa a rai duk da haka. Sati uku yana yawo da waya yana ɗaukar hoton bangon mutane, Fa'iza na ɗora hotunan a kan zanen. Tabotaki ta fito sarai: masallaci, rijiya, rumbunan laka masu tumbi, har da tsagar bangon mahauta. Gidansa ne kawai ya ɗara masallaci da yatsa biyu, ya ce kuskuren na'ura ne. Gidan surukarsa, Inna Tabawa, ya fi kowanne kyau. Ya yi masa rufin da ake ɗagawa a ga ɗakuna, ya ƙara masa ƙofa shuɗiya wadda babu ita a zahiri. A garinmu namiji ba ya faɗin sunan surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, ba ya wuce ƙofarta da takalmi. To, Marishal ya ga hanyar da zai burge ta ba tare da ya buɗe baki ba, ya aiki matarsa Bushira ta gayyato ta.

Ran kasuwa bayan la'asar aka fito da tebur gindin bishiyar bedi. Marishal ya tsaya, ya gyara murya.

"Jama'a, yaƙi ilimi ne, ba ƙarhi ba. Wasa arba'in da ɗaya na yi, ba a taɓa kada ni ba. Wanda duk ya riga ni kama rijiyar ga, hular ga tashi ce, sunan ma nashi ne. Na hwaɗa gaban kowa."

Wanda ya fito shi ne Ɗantala mai albasa, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin tsokanarsa ko a gaban sarki. Ɗantala bai san harafi ɗaya na Faransanci ba.

"Kawo sojojin, Marishal na ƙeya," ya ce, ya goge hannu a riga.

Jifa uku na farko Marishal ya kwantar masa da soja tara. Ɗantala ya kai hannu zai ta da su, aka buge masa yatsu da ma'auni.

"Shafi na goma sha biyu! Sojan da ya kwanta ya mutu. Ba ya tashi sai an naɗe tebur."

Ɗantala ya sosa gemu, ya dubi garin kwali, ya dubi Inna Tabawa da ke zaune a kan tabarma a sahun gaba tana ɓarar gyaɗa. Sai ya ɗaga rufin gidanta, ya kwashe sauran sojojinsa ya zuba a ciki, ya mayar da rufi.

Marishal ya yi dariya irin ta manya. Ya juyo da igwa. Dokar littafi ita ce mai harbi ya faɗi inda ya nufa da babbar murya, kuma shi ne ya fi kowa tsananta wannan doka.

"Igwa ta ɗaya! A harbi gidan..."

Ya tsaya. Inna Tabawa ta daina ɓarar gyaɗa.

"Gidan wa?" in ji Ɗantala. "Ba mu jiya ba."

"Gidan... wancan."

"Wancan na wa? Gari ya cika da gidaje. Kira sunan mai shi, ka rushe mata shi gaban idonta."

Bushira ta ja mayafi ta rufe baki. Gumi ya fara bin gefen jar hula. Marishal ya mayar da igwa baya a hankali, ya sanar cewa manyan kwamandoji ba sa ɓarnar harsashi, zai wuce kai tsaye ya kama rijiya. Sai dai shi da hannunsa ya gina garin daidai yadda yake, kuma a Tabotaki lungu ɗaya ne ke kaiwa rijiya daga gabas, ta ƙofar Inna Tabawa. Ya auna taki shida da ma'auni, ya jera sojojinsa talatin a bakin shuɗiyar ƙofa.

"Subhanallahi!" Ɗantala ya dafe kai. "Inna, kin gani? Da takalmi! Ko gaisuwa babu. Halidu, haka ka koya musu?"

"Ni ma dai ina kallo," in ji tsohuwa, ba ta ɗaga ido ba.

Marishal ya ɗauki soja ɗaya ya juya shi. Takalmin a jikin ƙafar aka narka shi. Ya gwada lanƙwasa gwiwar, roba ta ƙi. Mutum ɗari na kallonsa, surukarsa na jira. Babu takalmin da zai fita, babu gwiwar da za ta durƙusa, saura hanya ɗaya ta nuna ladabi. Da yatsa biyu, cikin natsuwa, ya kifar da sojojinsa rubda ciki a ƙofar gidan, ɗaya bayan ɗaya, har talatin. Shi ma ya zame takalmansa ya tsuguna a gefen tebur, kai a ƙasa.

Inna Tabawa ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce, "Madalla da tarbiyya. Allah shi yi albarka. Ku tashi haka nan, ɗiyana."

"Ai Inna, ba su tashi," in ji Ɗantala. "Shafi na goma sha biyu."

Ya ɗaga rufi, ya ciro soja guda, mai karyayyar bindiga, ya taka da shi a kan bayan talatin ɗin har bakin rijiya. Sannan ya miƙa hannu ya cire jar hula, bai ko yi miƙa ba, don mai ita yana tsugune.

Marishal ya so ya yi jawabi. Yana da hujja a shafi na talatin, mun ga leɓensa na motsi. Amma wanda ya tsuguna gaban surukarsa ba ya ɗaga kai ya yi gardama sai ta tashi, tsohuwa kuwa ba ta tashi daga tabarma ba sai da ta gama gyaɗarta, kuma gyaɗar cike da ƙwarya take.