Babban Yatsan Malam Ishiyaku

Wata ranar kasuwa a kwanakin baya na halarci ɗaurin auren 'yar ƙanena sanye da rigar gona mai huji biyu a kafaɗa. Ba talauci ba ne, ba kuma kaina ne ya fara taɓuwa ba. Babbar rigata tana nan, wankakkiya, ta sha bugu, amma tana kulle cikin akwatin ƙarfe mai lamba goma sha bakwai, akwatin kuma ya dage bai taɓa ganina ba.

Bari in yi wa wanda ba ɗan yankinmu ba bayani. A bakin kasuwarmu, nan Rano, akwai wata rumfar ajiya. Shekara ashirin da shida Malam Ishiyaku yana zaune a cikinta a kan kifaffen turmi. Ka taso daga Zinyau ko Durba, ka miƙa masa jakarka, ko buhunka, ko zakaranka, ka shiga hidimarka. Ba takarda, ba lamba. Ya dubi fuskarka sau ɗaya, shi ke nan. In ka aiko matarka ta karɓo, ya san ta. In ka aiko surukinka, ya san shi, ya kuma san ko irin surukin da ake ba kaya ne. Ban taɓa jin ko allura ta ɓata a hannunsa ba.

Kwatsam sai aka kafa mana Kwamitin Zamanantar da Ajiya. Shugabansa, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda bai taɓa ganin kintinkiri ya bar shi da rai ba, ya je wata ƙasa ƙaro ilimi na kwana huɗu. A can ya ga akwatunan da ake rufewa da dangwala yatsa, a buɗe da dangwala yatsa. Ya dawo mana da guda arba'in. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka yi jawabi bakwai, duka a kan hangen nesan Mai Girma. Allah Ya ƙara masa hangen nesa, tunda na kusa ya gagara. A ƙarshen taro aka kira Malam Ishiyaku, mutum mai baki tara a gida, aka miƙa masa takardar yabo cikin gilashi, aka ce ya je ya huta. Matarsa Salamatu ta juya takardar gaba da baya, ta tambaye shi ta wane gefe ake dafa ta.

To, ni ranar ɗaurin auren da safe na saka rigata a akwati na dangwala yatsa. Na'ura ta karɓa ba gardama, don wajen karɓa halinta ɗaya da masu ita. Na wuce layin maƙera neman lauje. Kowane manomi ya san yadda ake gwada lauje: a goga babban yatsa a bakinsa. Na goga guda shida, na bakwai ya yanke ni, ya nuna min shi ne na kirki. Da azahar ta gabato na dawo na dangwala, sai jar fitila. Na sake, jar fitila. Na lashi yatsan, na goge a wando, na yi bisimilla, jar fitila.

Akwai wani mai lakataye da kwamiti ya ajiye a wurin, wai shi Injiniya. Ya leƙo ya ce, "Baba, na'ura ba ta kuskure."

Na ce, "Ni ba babanka ba ne, ga furfura nan a gemunka. Rigar wa ke ciki?"

"Ta mai yatsan da ya ajiye."

"To ga yatsan."

"Wannan ba shi ba ne."

"Wani aka dasa min tsakanin hantsi da azahar?"

Ya ce sai in jira yankan ya warke. Na ce ko in je in ce wa liman shi ma ya jira?

Muna cikin haka Hajiya Lubabatu ta iso, wata mai daddawa daga Durba da ba a taka ta a kwana lafiya. Ita tun da sassafe ta yi ajiya, ta shiga gidan biki aka yi mata ƙunshi. Yatsu goma sun yi jawur. Na'ura ta dube su, ita ma ta yi jawur.

Injiniya ya ce, "Hajiya, sai lallen ya goge."

Ta ce, "Lallen da zai yi wata guda? Ɗan nan, ƙwaryar fura ce a ciki! In ta yi wata a nan, kai za ka shanye ta, ina tsaye!"

Duk wannan abu Malam Ishiyaku yana zaune a gindin darbejiya a tsallaken hanya, takardar yabonsa a kan cinya. Hajiya ta hango shi ta ƙwala masa kira. Da ya zo ta kama hannunsa ta ɗaga wa jama'a. Shekara ashirin da shida bai riƙe fartanya ba, bai gwada lauje ba, ba ya ƙunshi. Duk kasuwar nan babu babban yatsa mai santsin nasa. Kayanmu dai maƙeri ne ya fito da su da guduma bayan la'asar, an riga an shafa fatiha. Amma daga ranar aka samu tsari. Ka miƙa wa Malam Ishiyaku kayanka, ya dubi fuskarka, ya saka a akwati ya dangwala nasa yatsan. Ka dawo, ko ka aiko matarka, ya dangwala ya ba ta. Akwati arba'in, yatsa ɗaya. Zakara kuwa, da yake ba ya shiga akwati, a ƙafar na'ura ake ɗaure shi.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, karatuna na zaure ne da jarida, amma zan faɗa ba kwana-kwana. Ajiya amana ce, amana kuwa sai wanda ya san mai ita. Ban ƙi na'ura ba; ina da rediyo, ina da waya. Abin da na ƙi shi ne mutum ya kori mai aiki bai taɓa tsayawa minti biyar ya ga mene ne aikin ba.

Na ji kwamiti ya rubuta rahoto cewa ƙorafi ya ƙare, na'ura ta yi nasara, an rabu da buƙatar ɗan Adam a rumfar ajiya. Sunan Malam Ishiyaku ba ya cikin ko wace takarda. Shi dai ya dawo da turminsa gefen akwatunan, jama'a na yi masa alherin da suka saba, tukunyar Salamatu ta koma kan wuta.

Roƙona ga masu karatu ɗaya ne. In kun haɗu da shi a hanya, ku gaishe shi da baki kawai. In kuma musabaha ta zama dole, a yi a hankali, don Allah. Kayan rabin kasuwa suna rataye a hannun nan.