Dakta Furotin da Ragon Inna Jummare

Allah ya yi wa Gadarif baiwa biyu, riɗi da Dakta Kassim. Riɗi sai an jira damina, Dakta kuwa kullum a nune yake. Mako uku cur ya yi a Khartum yana koyon wanke kwalaben awon jini, ya dawo da farar riga da alƙaluma huɗu a aljihu. Tun daga ranar ba a ƙara yin tari a unguwarmu ba tare da ya yi sharhi ba.

Mun sa masa Dakta Furotin, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Da 'yar Inna Jummare ta haihu, abin da tsohuwar ta mallaka na yankan suna rago ɗaya ne, ramamme, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Surukai kuma za su taso daga Hawata. Kunya ta hana ta cin abinci.

Dakta ya zo barka, ya leƙa turke, ya gyara tabarau.

"Ya Hajja, jahilci ne ke ramar da dabba! Kowace ƙwayar halitta a jikinsa tana ƙera furotin cikin minti guda, shi ne abin da ke zama tsoka. Kwana bakwai minti nawa ne? Ku cika masa daro da dawa da tunkuzar riɗi, kada ya ga ciyawa. Khalas, shi ke nan!"

Tsoho mahauci ya ce a rinƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Dakta ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Khartum.

A kwana na uku rago ya kumbura kamar salka. Dakta ya aro igiyar awon tela, ya zagaya cikin da ita, ya sanar da cewa kimiyya ta ƙara taƙi biyu. Rago ya kwanta yana nishi. Tsoho ya zaro wuƙa don a samu ko naman, Dakta ya tare shi da ƙirji.

"Wallahi ba ka yanka shi! Ƙwayoyi suna tsakiyar aiki!"

Kafin la'asar ƙwayoyi suka tashi daga aiki gaba ɗaya. Rago ya zama mushe. Inna Jummare ta zauna a gindin turke tana kuka, mu ma sai da ta ba mu tausayi.

Ranar suna zakara aka yanka wa surukai. Dakta ya zo da wuri, ya yi musu bayani cewa kaza ta fi rago furotin, sannan ya ɗauke cinya.