Ranar Da Aka Ƙaddamar Da Zanzaro A Gonata

Yau da safe aka hana ni shiga gonata. Gonar da na gada wurin mahaifina, wadda na san kowace kunya a cikinta, wani mai baƙin tabarau ya tare ni a bakinta yana neman katin gayyata. Na ce masa ni ne mai gonar. Ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce, "Baba, babu mai gona a jerin manyan baƙi. Koma bayan igiya." Na koma, don ba a jayayya da mai takarda.

Bari in faro muku daga tushe. Shekara biyu ke nan tsutsa tana raba masara da ni, ita kashi biyu, ni kashi ɗaya. Na yi feshi har ƙirjina ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, tsutsar kuwa sai ƙiba take yi. Bana, masara na kai gwiwa, sai ga malamar gona a kan babur ɗinta da ba ya tashi sai an tura. Ta miƙo mini wasu 'yan katuna kamar an barbaɗa musu toka.

"Baba, ƙwayayen zanzaro ne, amma ɗan mitsitsi, bai kai kan allura ba, kuma ba ya harbin mutum. In ya ƙyanƙyashe sai ya bi ganye yana neman ƙwan tsutsa, ya saka nasa ƙwan a ciki. Ɗansa ya cinye abin da ke ciki, maimakon tsutsa ta fito sai wani zanzaron ya fito."

Na ce, "Nawa ne albashinsa?"

"Ba shi da albashi."

"Motar aiki fa? Alawus ɗin zama?"

Ta yi dariya. "Sharaɗi ɗaya ne kawai. Kada a yi feshi. Maganin da tsutsa ke wa dariya, shi nan take yake kashe shi."

Gaskiya ban yarda ba. Ma'aikacin da ba ya cewa a dawo gobe, ban taɓa cin karo da shi ba. Amma na rataye katunan a jikin ganye, na jingine tankin feshi. Bayan mako uku ƙwayayen tsutsar suka yi baƙi ƙirin, sabon ganye ya fito babu huji ko ɗaya. Na tsaya a tsakiyar gona ina murmushi ni kaɗai. Maiɗakina ta sa aka fara gyaran rumbu.

A nan ne malama ta yi kuskuren da ba zan yafe mata da wuri ba: ta rubuta rahoto. Rahoto ya hau bene, ya isa teburin Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Ya ji an yi nasara ba tare da shi ba, abin da ba a saba yi ba. Nan take aka kafa kwamitin ƙaddamarwa, aka sare kunya goma sha biyu don kafa rumfa da jera kujeru. Na daure, na ce ai wanda zai ci zuma dole ya sha harbi.

Jiya da la'asar ina layin mai, maƙwabcina Mai Faci ya iso yana haki.

"Kana nan kana gadin jarka, can ana yi wa gonarka wanka."

"Wane irin wanka?"

"Mutum shida, kowa da tanki a baya. Wai ƙa'idar ofis ce, duk inda Mai Girma zai zauna sai an feshe wurin kwana ɗaya kafin nan, kada sauro ko ƙuda ya yi masa rashin kunya."

"Malama fa?"

"Ta tsaya a gabansu har da hawaye. Shugaban tsare-tsare ya ce ta rubuto ƙorafinta a rubuce, za a duba bayan biki."

Ka ji aiki da tsari. Inda babu tsari, da sai a bar ƙwari suna yawo a taron ƙaddamar da ƙwari.

To yau daga bayan igiya na saurari jawabi. Mai Girma ya yaba wa "dakarunmu marasa gajiya" da ke sintiri a gonar dare da rana. Ya yanke ƙyalle, aka tafa. Sai ya waiwaya ya tambaya ina dakarun suke, yana so a ɗauke shi hoto da su. Aka raɗa masa cewa ido ba ya ganinsu. Fuskarsa ta washe. Aikin da ba a gani da ido, ba mai zuwa ya duba ko an yi ko ba a yi ba? Nan take ya ba da umarni a faɗaɗa shirin zuwa kowace unguwa.

Da aka watse na samu shiga. Malama ta ɗora mini gilashinta mai ƙara girma a kan ganye, na ga dakaruna zube, ƙafafu a sama. Na buɗe ƙoƙon wata masara, ga tsutsa kwance can ciki inda feshi bai kai ba, lafiyarta lau. Sababbin katuna sai bayan wata biyu, masara kuwa ba ta san jiran takarda ba. Garin neman gira an rasa ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa duban maiɗakina lokacin da na ce mata a dakatar da gyaran rumbu.

Duk da haka ni ba butulu ba ne, kuma na ga ƙarfin almakashin nan da idona. Roƙona ɗaya ga Mai Girma, ranka ya daɗe: a daure a dawo mako mai zuwa a ƙaddamar da tsutsar. Tun da nake, ban taɓa ganin abin da kuka ƙaddamar ya kai labari ba.