Hannuwan Ƙarfen da Suka Kore Mini Auta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, da hantsin da samarin unguwarmu suka tarar da ni kwance a kan benci, na ɗaure zane kamar walkin ɗan kokowa, ina yi wa kaina kirari.

Ku fara sanin ko wace ce ni. A unguwarmu a Madawa, ni ce tsohuwar da in ta leƙo daga zaure yara ke rage murya. Ban taɓa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, amma tukunya ba ta shiga gidana sai na ƙwanƙwasa ta na ji amonta, tabarma sai na ja bakinta, amarya sai na ga dakanta. (Haƙorana kuwa, akwai waɗanda suka girma suka yi aure ba su taɓa ganinsu ba.)

Illa shi ne autana. Yayyensa duk sun watse, wani Abijan, wani Libiya, sai murya a wayar salula. Shi ma ya tafi Jado haƙar zinariya, rami ya rufta da su, abokinsa bai fito ba, shi ya fito da kafaɗa a karye. Kafin haka ɗan kokowa ne da ake kiɗa masa ganga har Buza da Keita. Da ya dawo na ce a raina: wannan dai, ko zan ɗaure shi a turke, ba zai koma rami ba.

Da kafaɗar ta yi sauƙi sai ya sa mai walda ya ƙera masa wasu ƙarafa huɗu a tsaye, kamar rumfar da aka mance a rufe, duk jikinsu huji. A kansu yake ɗora sandar ƙarfe mai faifan siminti a kowane gefe, ya kwanta a benci yana turawa. Niyyarsa ya riƙa horar da samari 'yan kokowa a tsakar gidana kafin kaka, lokacin da ake kokowa, kowa ya ba da abin da ya samu. In abin ya kama, ya zauna gida. In bai kama ba, sai Jado. Haka ya faɗa mini, ba ɓoye-ɓoye.

Sai maganar hannuwa ta taso. Wasu dogayen ƙarafa biyu ne da ake maƙalawa a jikin na tsayen da fil, suna hawa suna sauka kamar jigon lambu, a rataya musu faifai a baki.

"Inna," in ji shi, "sanda da gwangwanin siminti kowa na da su ƙarƙashin iccen bedi. Wanga ne babu. Sanda in ta hi ƙarhinka, bisa ƙirji take sauka, dole wani ya tsaya kanka. Hannun ga hanya guda yake bi, yana da inda yake tsayawa. Kuma ina iya aiki da kahwaɗar da ta karye ita kaɗai, sannu-sannu."

Na ce, "Ƙarhen da ke ɗaukar maka rabin nauyi, mi ne amfaninshi? Ga shi ya miƙo hannuwa har inda nake shanyar gabu. Aikin banza."

Amma na bari mai walda ya maƙala su na gwaji. Ni kuma kun ji halina: abin da ya shigo gidana sai na ƙwanƙwasa.

Da hantsi Illa kan fita kabu-kabu da babur ɗin wani. Ranar farko na kewaya abin ina harararsa, na tura hannu ɗaya da ɗan yatsa. Ya hau, ya dawo, bai ce komai ba. Washegari na zauna a benci. Bayan nan na kwanta. Na tura duka biyun sama, sai na ji wani abu a tsakanin kafaɗuna, inda daka da jan guga suka ƙulle tun ina amarya, ya ce ƙas, ya saki. Wallahi ranar na yi ruku'u ba tare da dafa bango ba.

Shi ke nan na kamu. Illa na fita, ina hawa benci. Na rataya ƙaramin faifai, bayan 'yan kwanaki na ƙara wani. Da yamma in ya dawo ya tambaye ni ra'ayina, sai in taɓe baki in ce, "Har yanzu ban ga amfaninshi ba." (Allah ya yafe mini. Bakina na faɗa, bayana na ƙaryata ni.)

Ranar da abin ya faru, ban san Illa ya gayyato Na-Allah ba, tsohon gwanin kokowar da samarin garin ba su ƙetare maganarsa, shi da yaransa, don su ga hannuwan su yanke shawara. Ni kuwa ranar jikina ya yi daɗi. Na tattare zane na cusa, na ɗaure kallabi a ƙugu, na rataya faifai har uku a kowane hannu. Ina turawa ina nishi, har bakina ya kwance da kansa:

"Sai ni ɗiyar masu lambu! Na ja guga rijiya ta ƙafe! Ƙarhe, ka san uwarka yau!"

An yi sallama, an ce har sau nawa, ban ji ba. Abin da na ji shi ne shiru, irin shirun mutane da yawa. Na juya kai, sai ga zaurena cike da ƙarti, Na-Allah a gaba da sandarsa, Illa a gefe baki buɗe.

Na saki hannuwan don in tashi. Suka sauko suka tsaya inda Illa ya ce suna tsayawa, ba su taɓa ni ba, amma na dama ya datse bakin zanena a jikin fil. In na tashi, zane ya zauna. Sai na zauna tare da shi, ƙafafu a waje, kai ba kallabi, furfura a tsaye.

Na-Allah ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, sannu da aiki. A ƙaro miki hwaihwai ko ya isa?"

Dariyar da aka yi, sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. Illa ne ya zo ya ɗaga hannun, ya zare mini zane, idonsa a ƙasa.

Da kunyar ta tsaya a kaina ni kaɗai, da na haɗiye ta. Sai wani daga cikin samarin ya matso ya tura abin da na rataya da hannu guda, ya ce, "Illa, wanga ne za ya maishe mu zakuna? Abin da Inna ke ɗagawa tana waƙa?"

Illa ya shiga bayani: a ƙara nauyi mana, ai hannun na ɗaukar abin da ƙato ba ya iya motsawa. Ba mai saurare. Wani ma ya ce, "Inna da bakinta ta ce yana ɗaukar ma mutum rabin nauyi." Maganata ce, ba ƙari, ni na baza ta a unguwa. Kafin la'asar garin ya raɗa wa abin suna, jigon Inna. Duk saurayin da aka gani kusa da ƙofarmu sai a tambaye shi ko ciwon baya ke damunsa. Suka koma ƙarƙashin bedi da gwangwanayensu.

Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na ɗauki mayafi na je ƙofar Na-Allah. Na ce ƙarfen na da nauyi, wallahi da kyar nake ɗagawa. Ya ce, "Inna, ai mun ji kirarin."

Kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya zo. Illa ya hau motar Agadas, hanyar Jado, da jaka guda. Bai yi mini fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A tasha ya durƙusa ya ce, "Inna, kada ki wuce hwaihwai ukku, kuma ki riƙa duba fil kahin ki kwanta."

Yanzu da hantsi aminiyata Kuluwa da wasu tsofaffi kan zo, mu yi layi a benci. Bayanmu duk ya saki. Salula na rataye a hujin ƙarfe kusa da kaina, in ta yi ƙara sai in saki ƙarfen in tsaya ina kallonta, don ban san ko muryarsa zan ji ba ko ta mai ba ni haƙuri.

Wanda ya tambaye ni ko hannuwan nan sun cancanci a ƙara su, ina ce masa sun cancanta, ba su yi ƙarya ko ɗaya ba. Ni ce na yi. Na koya a makare cewa ba kowane abu ne da ya shigo gidana yake jiran in ƙwanƙwasa shi ba. In kuwa hannun mutum ya ƙi zama sai ya ƙwanƙwasa, to a sa wa zaure sakata, a bar kirari ga masu ganga.