Ranar da na cika ƙwaryar garinmu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma har gobe ban yafe wa wanda ya koya wa 'yan boko yin bayani da ƙwarya ba. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, na sha dariyar jikoki kafin na iya rubuta sunana, sai da na iya karatun sannan aka ce an daina yayin takarda. To ina amfanin wahalata?

Wata malamar jami'a ce, Dakta Hadiza, ta yi kaka da rani tana zagaya ƙauyukanmu tsakanin Malumfashi da Kafur, tana leƙa rumbuna tana auna ɓarnar da ƙwari ke yi wa masara. Da ta gama aka kira taro a Funtua, za ta nuna sakamakon gaban wani Alhaji, wakilin masu raba buhunan nan masu leda a ciki, waɗanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsu. Buhunan ba za su isa kowa ba, garin da ya fi shan ɓarna shi za a ba. Matan Unguwar Kanya suka tura ni, wai ni ce mai ilimi (ni ma a lokacin haka nake gani).

Na yi sammako na riga kowa shiga zauren. Na zaci lambobi zan tarar, har na goge tabarau. Sai ga dogon tebur an jera ƙore kamar ɗakin amarya, kowace da masara a ciki da sunan gari a jikinta. Na bi ina karantawa da ƙarfi ko wani zai ji. Wata cike, wata rabi. Da na zo kan tamu, abin da ke ciki ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba, duk huji, duk gari.

Jama'a, raina ya ɓaci. Mu da ko hatsi ya ƙare sai mu ɗora tukunyar ruwa don maƙwabta su ga hayaƙi, yau a kawo mu Funtua a kwance mana zane a kasuwa? Kusa da tamu kuma ga ta garin su Hajiya Kande, wadda tun muna 'yan mata take cewa mazanmu ba su iya noma ba, ta cika har da tsororo. Na watsar da masararmu ta taga, na kamfaci ta su Kande na cika tamu, na shafe bakinta yadda nake yi wa tiya a kasuwa. Na koma na zauna ina jan carbi, na rufa wa garinmu asiri.

Aka taru. Dakta ta ce kowace ƙwarya a cike ta fara da kaka, abin da ake gani yanzu shi ne wanda ƙwari suka bari zuwa bazara. Nan na daina jan carbi. Alhaji kuwa bai jira ta gama ba, ya bi tebur yana ɗaukar hoto da waya yana tura wa manyansa.

"Masha Allah, Unguwar Kanya ba ku da matsala. Ina wakiliyarsu? A tafa mata!"

Aka tafa mini. Ya leƙa ƙwaryar su Kande ya girgiza kai, ya ce nan buhuna za su. Kande, wadda rumbunta ko ɓera bai taɓa shiga ba, ta marairaice fuska ta ce, "Wallahi Alhaji, mun daɗe muna haƙuri."

Dakta ta tsaya tana kallon teburin kamar an yi mata rasuwa. "Ba haka na jera su ba. Inna Asabe, ke kika fara shigowa, wani ya taɓa ƙoren nan?"

Kafin in buɗe baki kajin maigadi suka kaure da faɗa ƙarƙashin taga, kan masarar garinmu. Kowa ya leƙa, sannan kowa ya dubi hijabina da ya yi fari da gari. Na ce (don ban iya yin shiru ba), "Yarinya, da kin rubuta da na karanta."

"Inna, ga shi can a bango, sama da kanki."

Na ɗaga kai. Manyan baƙaƙe, da Hausa, kowanne ya kai tafin hannuna. Kande ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malama Asabe." Alhaji ya ce shi dai hoto ya riga ya tafi, ya shige mota, ko duban Dakta bai yi ba tana bin sa da bayani. Shi ma ai bai karanta bangon ba, amma shi ba wanda ya yi wa dariya.

A motar komawa na gane ashe ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye na gari guda. Da gari ya waye na buɗe rumbuna, na cika daro da masarar da ta fi lalacewa, ƙwari na yawo a kai. Ban rufe da faifai ba. Na ɗora a kai na ratsa tsakiyar gari kowa na kallo, na hau motar Funtua, sai ofishin Alhaji.